Injin Ciyawar Baba

Ranar wata Alhamis ce da la'asar sakaliya, a farkon daminar da ta biyo bayan shekarar fari, ina aji biyar a firamare. Muna tsakar gida ni da Inna, ita tana tankaɗe, ni ina tsince tafasar da za a yi kwaɗo, sai muka jiyo sowar yara daga bakin hanya kamar an ga mai wasa da kura. Na ajiye faifai na fita a guje ko ɗankwali ban gyara ba. Baba ne tafe ta siririyar hanyar da ta ratso gonaki, yana riƙe da igiyar jakinmu, jakin kuma yana jan wani jan abu mai tayoyi da dogon mariƙi, yana ƙwaram-ƙwaram a kan burji yana nutsewa a cikin rairayi. Yaran unguwa sun yi masa zobe, wasu na taɓawa su gudu, dattawan da ke zaune gindin darbejiya sun miƙe suna kallo. Rigar Baba ta jiƙe sharkaf da gumi, amma fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Da ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Uwata, zo ki ga abokin nemanmu." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hauwa, don haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin ya kira sunana ba.

Ƙauyenmu yana arewa da Rijiyar Zaki, tafiyar da mutum zai yi bayan sallar asuba ya isa rana ba ta yi zafi ba. Ƙasa ce da ba a barin ko taƙi ɗaya ya huta. Gona manne da gona, iyakarsu gamba ce ko layin lalle, ga gawo da ɗorawa da kuka tsaye nan da can, kowace bishiya an san mai ita. Da rani jakuna ke jigilar taki daga birni a mangala, a zuba tsibi-tsibi a gona, da damina kuma gero da dawa su rufe gidaje har sai ka zo bakin zaure za ka san akwai mutane a wurin. Baba, wanda ake kira Malam Sule, manomi ne kamar kowa, sai dai gonarmu ƙarama ce, don gadon kakanmu an raba shi gida-gida. Shi ya sa lokacin da aka fara manyan gine-gine a wajen Rijiyar Zaki ya samu aiki a wani kamfani da ke shuka ciyawa da furanni a harabar sababbin gidaje. A can ya koyi aiki da injin yankan ciyawa, har ya zama shi ke kula da injinan, ya wanke, ya sa mai, ya wasa wuƙa. Shekarun nan muka ji daɗi. Ranar albashi yakan dawo da burodi da tsire a ɗaure a bayan keke, ni da ƙanena Habu mu yi ta tsalle a zaure.

Daga nan sai duniya ta juya. Aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, kaya suka ɓace daga kantuna, mata suka riƙa bin layin sabulu da madara tun safe su dawo hannu wofi. Ruwa kuma ya ɗauke gero yana bununi, muka yanke kara babu zangarniyar kirki. Rumbunmu da Inna kan sa ni in shiga in miƙo mata dami, a shekarar nan tun kafin bazara na share ƙasansa da tsintsiya. Muka koma tuwon garin rogo da miyar kuka ba daddawa, da rana a jiƙa kwaki, in an samu ƙuli a barbaɗa. Awakinmu aka yi ta fita da su ɗaya bayan ɗaya ranar kasuwa, saura wata baƙar akuya da Inna ta ce ko me za a yi ba za ta rabu da ita ba. A cikin wannan hali kamfanin su Baba ya tattara komatsansa. Mutumin da ke shugabantar ma'aikata, da zai tafi, ya nuna wa Baba wani inji da aka daɗe da jingine shi a bayan ɗakin ajiya ya ce ya ɗauka, in ya iya tashe shi rabonsa ne. Shi ne abin da jaki ya jawo mana ranar Alhamis ɗin nan.

Washegari bayan an sauko daga masallaci Baba ya shimfiɗa buhu a zaure ya zauna da injin. Ya wanke fulogi da fetur, ya hure ƙura, ya zuba baƙin mai, ya taka shi da ƙafa ya fizgi igiya. A karo na farko tari kawai ya yi, daga baya ya kama da ƙara har kaji suka watse, Habu ya ruga ya ɓuya a bayan Inna. Injin kansa lafiyayye ne, wuƙar da ke ƙasansa tana juyawa kamar iska. Amma Baba bai yi murna sosai ba. Ya kashe shi ya bayyana mana cewa wannan ba irin wanda ake turawa da ƙarfi ba ne, mai tafiya da kansa ne. A jikin mariƙi akwai wani ƙarfe kamar birkin keke, in ka matse shi sai waya ta ja, bel ya ɗaure, ya juya wani ɗan akwatin giya da ke tsakanin tayoyin baya, tayoyin su ɗauka, kai naka kawai ka bi bayansa kana yi masa jagora. To wayar ta tsinke, bel ɗin babu shi, kuma saboda nauyin waɗannan kayan injin ya fi na turawa nauyi nesa ba kusa ba. "Yana da baki, ba shi da ƙafa," in ji Baba. Inna ta ce to ai baki shi ne abin nema, tunda da shi ake yanka. Baba ya yi murmushi.

Ruwa ya sauka sosai a wannan shekara, ciyawa ta taso ko'ina, Baba kuwa bai jira gyara ba. Ya samu aikin yanke filin wasa da harabar wata makarantar kwana, da wasu gidajen manyan ma'aikata. Kullum da sassafe zai ɗaura injin a bayan jaki su kama hanya, mutane na yi masa ba'a wai ga injin Turawa da jakin Hausa. Can zai wuni yana tura wannan ƙaton ƙarfe a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, da yamma ya dawo da abin da ya samu a aljihu da buhun ciyawa a kan jaki. Tuwon dawa ya dawo gidanmu, baƙar akuya ta yi ƙiba. Sai dai ni na fara lura da abin da ban gane ba a lokacin. Baba da ke ɗaukar buhun gyaɗa shi kaɗai, yanzu in ya iso zaure sai ya dafa bango ya daɗe yana haki kafin ya iya amsa sannu da zuwa.  Takalminsa na roba ya fara yi masa zane a ƙafa. In Inna ta tambaya sai ya ce gajiya ce, ai da zarar injin nan ya samu ƙafa shi ke nan, yawo kawai zai riƙa yi a bayansa kamar mai kiwon tinkiya.

Ni a lokacin duniyata ba ta wuce makaranta da rijiya da dandali ba. Da safe mu share filin makaranta da tsintsiyar kaba, mu yi layi a duba farce, in an tashi tara mu zauna gindin ceɗiya muna carafke da duwatsun da kowace ke ɓoyewa a ƙullin zane. In na dawo in ɗebo ruwa, in taya Inna surfe, in kai wa Baffa Idi, ƙanen Baba, fura a gona, da yamma in tafi makarantar allo. Alhamis da Juma'a da ba a karatun allo su ne ranakun gaɗa, kuma ni ce mai ba da waƙa a cikin sa'o'ina. Amma su ne kuma ranakun da Baba ya ware don gyaran inji. Abin da ya fara kai ni zaure shi ne wani noti da ya faɗa cikin lungun da hannun Baba ba ya shiga. Ya kira ni na zura hannu na zaro shi. Daga ranar na zama ba a buɗe inji sai ina nan. Ƙawayena su zo su leƙa su yi ta kirana, in ce su je ina zuwa, har a tashi ban je ba. Matan maƙwabta suka fara cewa Inna ta bar 'ya mace tana wanka da baƙin mai, ita kuwa takan ce da su, "Ubanta ne ya kira ta, ku je ku hana shi." Ban san ko ƙaunar injin nake ba. Abin da na sani shi ne a zauren nan Baba yakan yi mini hira kamar da babba, yana ba ni labarin Hauwa ta farko, yadda take saƙa da yadda take faɗa.

Abu na farko da ya koya mini, kafin a sa hannu a ƙasan inji sai an cire wayar fulogi an kawar da ita gefe. "Inji bai san mai shi ba," haka yakan ce kowane lokaci, ko da ya faɗa jiya. Na biyu, in za a kwantar da shi akwai ɓangaren da ake bari a sama don kada mai ya malala inda bai kamata ba. Wayar da ta tsinke ba ta ba mu wuya ba. Baba ya kwance wayar birkin baya ta kekensa, muka zura ta cikin tsohon kwanso bayan mun ɗiga mata mai, ya lanƙwasa bakinta da filaya ya maƙala. Tun daga nan kekensa da birki ɗaya yake tafiya. Bel ne ya wahalar da mu. Ya auna da igiyar rama, ya ƙulla, ya tafi da ita Ƙofar Ruwa wajen masu tsofaffin kayan mota, ya dawo da fambel ɗin wata ƙaramar mota. Muka sa, aka tayar da inji, ya matse ƙarfe, sai bel ɗin zamewa kawai yake yana ƙauri kamar an ƙona taya. Ya yi tsawo. Sai da aka sake mako ya koma ya musanyo wani. Wannan kuwa ya matse ƙwarai, ni ce na kwanta a ƙasa na ɗora shi a bakin faifan ƙarfen, Baba yana juya wuƙa a hankali da tsumma a hannu, har na ji ya faɗa cikin kwarinsa ƙwas. Yatsana ya ɗan matse ya yi jini, na tsotse ban bari ya gani ba, don kada ya ce in koma cikin gida.

Ranar muka fito da shi ƙofar gida da tabbacin an gama. Baffa Idi ya zo, yara suka taru. Baba ya tayar, ya yi bisimilla, ya matse ƙarfe. Muka ga sandar da ke tsakanin tayoyi tana juyawa, amma injin yana nan cak, sai wata ƙara ƙar-ƙar-ƙar daga cikin taya kamar ɓera na cin ƙwarya. Baba ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya kashe, ya sa sifana ya kwance tayar dama. A bakin sandar akwai wata 'yar giya da ba ta fi ƙwallon goruba ba, wadda haƙoranta ke shiga na cikin taya su tura ta. Haƙoran nan duk sun cinye, sun yi sumul kamar dasashin tsohuwa. Ta hagu da sauranta, amma ita kaɗai ba ta iya ɗaukar nauyin. Baba ya juya ta a tafin hannunsa ya ce irin wannan ko a birni ba za a samu ba, don tun da aka hana shigo da kaya ba a sake kawo irinta ba. Ya gwada duk da haka. Ya zaga Ƙofar Ruwa, ya zaga Sabon Gari, ya dawo da yamma a bayan wata akori-kura, ya kasa ƙarasowa gida daga bakin titi sai da ya zauna a gindin bishiya ya huta ya sake hutawa.

Sai muka nufi Baba Tanko maƙeri, wanda ke ƙera wa ƙauyenmu fartanya da lauje tun kafin a haife ni. Ya karɓi 'yar giyar ya kai ta kusa da ido, ya ce shi bai taɓa ƙera wa inji haƙori ba, amma ƙarfe ƙarfe ne. Ya samo guntun sifirin mota ya sa a wuta, jikansa na zuga, ya buge ya dunƙule ya huda tsakiya daidai kaurin sanda. Fitar da haƙora kuwa ya ce idonsa ba zai iya ba, sai dai Baba ya yi da kansa. Ya ba shi aron magagari. Baba ya ɗora ta hagu a kan sabuwar ya zana da ƙusa, ya shiga gogewa. Da ya gama aka mayar wa Baba Tanko ya gasa ya tsoma a ruwa don ta yi tauri. Muka ɗaura, injin ya yi gaba kamar taku uku, zuciyata ta yi tsalle, sai muka ji ƙas. Ta yi tauri fiye da kima, ta dare gida biyu. Baba Tanko ya kama haɓa ya ce laifin ruwa ne, da a baƙin mai ya tsoma. Ya ƙera wata bai karɓi ko sisi ba. Baba ya ɗauki magagari ya koma farko.

A tsakanin nan ne jiki ya ƙi. Wata rana aka dawo da shi daga makarantar kwanan a mota, wai ya faɗi a tsakiyar fili yana turawa. Baffa Idi ya kai shi asibiti a birni, likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya hana shi duk wani aikin ƙarfi, ya rubuta magani. Suka zaga kantunan magani, wani babu, wanda aka samu kuma ba ya daɗewa ya ƙare. Ƙafafunsa suka kumbura har in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ba ya iya kwanciya sai a jingine. Baffa ne ya yi mana maimai a gona, Inna ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli, baƙar akuya ma a ƙarshe ta bi 'yan'uwanta. Daga makaranta aka aiko cewa ciyawa ba ta jira, sun ɗauki masu langalanga kafin ya warke. Amma kullum da hantsi Baba zai sa in shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya jingina da bango, ya matse ƙarfen nan a tsakanin katako biyu, ya yi ta goga. Ya goga kaɗan ya tsaya ya nemi numfashi. Wani lokaci in karɓa in yi, yana nuna mini inda zan kwantar da magagari. Rannan Inna ta kasa daurewa, ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu ta ce, "Malam, don Allah ka ajiye ƙarfen nan. Ka bar mana kanka, mu ba inji muke so ba." Baba ya ɗago ya dube ta ya ce, "Likita turawa ya hana ni, bai hana ni tafiya ba. In ya tafi da kansa, ai sai in bi shi a hankali. In na ajiye wannan, me zan ce ina jira?" Inna ta juya ta koma madafa. Na same ta tana hura wutar da ta riga ta kama.

Gero ya fara nuna lokacin da aka gama ta biyu. Wannan karon a baƙin mai aka tsoma ta. Baba bai iya sunkuyawa ba, don haka ni na yi komai yana faɗa mini daga inda yake zaune. Na wanke cikin taya da kananzir, na zura giyar a sanda, na sa ɗan ƙarfen da ke riƙe ta, na shafa giris da yatsa, na mayar da taya na ɗaure, Baffa ya ƙara mata ƙarfi. Aka tallafo Baba zuwa ƙofar gida, inda akwai ɗan fili da ciyawa ta rufe tun da jakinmu ya koma wurin Baffa. Aka ajiye masa turmi a kife ya zauna. Baffa ya ja igiya injin ya kama. Baba ya yunƙura zai miƙe, ya kai rabi, ya koma. Ya sake yunƙurawa, Baffa ya riƙe shi ta hammata, ya tsaya, amma ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Mariƙin injin yana gabansa, tazarar da ba ta fi tsawon tabarma ba. Ya daɗe yana kallonsa. Sa'an nan ya koma ya zauna, ya yafuto ni da hannu, na kai kunne kusa da bakinsa saboda ƙara. Ya ce, "Je ki, Uwata. Ki matse a hankali, kada ki tura. Ki bar shi ya ja ki."

Mariƙin ya kai mini ƙirji. Na kama da hannu biyu na matse ƙarfen, sai na ji abin ya fizge ni gaba kamar ɗan maraƙi. Yana tafiya. Babu ƙar-ƙar, babu ƙas, tayoyin baya suna cin ƙasa, ciyawa na fita ta gefe, ƙamshinta ya cika wurin. Yara suka ɓarke da sowa suna bina, Baba Tanko ya baro maƙera da guduma a hannu, mata na leƙe ta kan danga. Na kai ƙarshen fili na saki ƙarfe, na danne mariƙi na juya kamar yadda na sha ji a bakin Baba, na dawo. A dawowar ne na fuskanci Baba. Yana dariya, bakinsa a buɗe, hawaye na bin gemunsa, yana kaɗa hannu alamar in ci gaba. Na yi ta kai da kawowa har filin ya yi fes kamar an shimfiɗa darduma, har fetur ya ƙare injin ya mutu da kansa. Da wurin ya yi shiru sai muka ji numfashinsa, yana fita da ƙyar kamar ana jan guga. Ya ce wa Baffa, "Ka gani ko? Da ma ƙafa ce kawai ba shi da ita." Ya ce in an kwana biyu ya ji sauƙi zai je makarantar da kansa ya gaya musu ya dawo.

Bai sake fita ƙofar gida da ƙafarsa ba. Ana tsakiyar yankan gero, wata safiya bayan ya idar da salla a zaune, Allah ya karɓi abinsa. Ina bakin rijiya aka aiko Habu ya kira ni, ya ce Inna ta ce in bar tulun in zo. A shekarar nan gero ya yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Masu zuwa gaisuwa suna ratsowa ta tsakanin dammuna, suna cewa Malam Sule ya sha wuyar fari bai ci sabon hatsi ba. Injin yana zaure an ture shi lungu an rufa masa buhu don a samu wurin shimfiɗa tabarmi.

Bayan Inna ta fita takaba aka zauna a kan abin da ya bari. Habu ƙarami ne, ni mace ce, Baffa kuma ya ce shi da fartanya aka haife shi. Sai ga wani mutum daga Bagwai mai noman rani, ya ji labari ya zo a kan babur. Ya tayar da injin ya saurara, ya ce lafiyayye ne, zai san yadda zai haɗa shi da famfo ya riƙa jan ruwa a lambu. Suka daidaita da Baffa. Ina tsaye ina jira a kawo igiya a ɗaura, sai na ga mutumin ya fito da sifana daga aljihu. A nan ƙofar gidanmu ya kwance wuƙa, ya kwance notinan da ke riƙe da kan injin. Bel ɗin ya ƙi fita, ya sa wuƙar aljihu ya yanke shi. Ya ɗaga kan injin ya ɗaure a bayan babur, ya bar gangar jikin da tayoyinta da mariƙinta a tsaye, da rami a tsakiya. Na ce da mutumin, "Baba, ai yana tafiya da kansa. An gyara." Ya dube ni da fara'a, ba da mugunta ba, ya ce, "Allah sarki, 'yata. Ni ba tafiya nake so ya yi ba. Ku bar wa yara su yi wasa." Ya buga babur ya tafi. Haka kuwa aka yi. Habu da abokansa suka mayar da shi mota, wannan ya hau wannan ya tura, har tayoyin suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ni ban taɓa hana su ba, ban kuma taɓa tsayawa kallo ba.

Yau in na je ƙauyenmu sai na yi tambaya kafin in gane kwanar gidanmu. Birni ya taso ta Bacirawa ya taso ta Rijiyar Zaki ya haɗiye mu, gonakin an yanka su fuloti-fuloti, inda ɗorawa take an yi shagon cajin waya. Maƙerar Baba Tanko ta zama wurin walda, kuma an ce duk ƙarfen da ka kai za a fitar maka da irinsa kafin ka gama shan ruwa. Ni kuma Allah ya yi na zama ma'aikaciyar jinya. Na yi shekaru ina miƙa wa tsofaffi masu kumburin ƙafa 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, in ga sun koma gida sun aurar da 'ya'ya sun ga jikoki. Kowane na sallama sai na bi bayansa da kallo har ya fita ƙofa. Bana da na je gaida Inna muna lissafin shekaru, sai muka tarar na girmi Baba, na wuce inda ya tsaya da nisa. Duk tsawon rayuwata dattijo nake ganinsa. Ashe yaro ne ya tafi ya bar mu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.